Abin da Na Kai wa Haladu a Kurmi

Tun ina yaro na san masu cin mutane iri uku ne. Akwai dodo, wanda yake zaune a bakin kakata, ba ya fitowa sai lokacin tatsuniya, da an ce ƙurunƙus ya koma inda ya fito. Akwai nyamnyam, waɗanda aka ce suna can ƙarshen kurmi. Ba wanda ya taɓa ganinsu a garinmu, amma kowa yana iya kwatanta maka haƙoransu. Sai na ukun, maye. Shi ba a tatsuniya yake ba, ba kuma a kurmi ba. Gida huɗu ne tsakaninmu da shi.

Maye, yadda aka koya mana, ba ruwansa da wuƙa ko tukunya. Kurwar mutum yake kamawa ya ɓoye, mutum ya yi ta ramewa har ya mutu. Kuma an ce a nonon uwa ake shan abin. A ƙauyenmu, cikin ƙasar Zango ta Daura, gidan Inna Kande ne aka liƙa wa sunan. Tun ba a haife ni ba, mahaifiyarta ta yaba kyan wani jariri, bayan kwana uku jaririn ya rasu. Shi ke nan. Har na girma ban ga wanda ya sha ruwan randar gidan ba. Inna Kande fura take damawa, amma sai ta kai ta kasuwar Babban Mutum inda ba a san ta ba.

Ɗanta Haladu ya girme ni da shekara biyu, ajinmu ɗaya a firamare. Bencinsa shi kaɗai. In ya ɗago ido ya dube mu, sai mu haɗa baki mu ce, "Kurwata kur! Ka ci kanka, ka sha baƙin ruwa!" Ni Ilu muryata ta fi ta kowa, don tun ina ƙarami bakina ya riga hankalina girma. Da muka zama samari aka wayi gari ba Haladu. Aka ce ya tafi neman kuɗi, muka ce Allah Ya raka taki gona, muka manta da shi.

Shekarar da damina ta yi mana gardama sau biyu a jere, na tsinci kaina a tashar Garwa ta ƙasar Kamaru, da jakar leda da niyyar zuwa Gabon, inda aka ce ko ruwa kake sayarwa sai ka gina gida. Wani mai shayi Bakatsine, da ya ji inda na nufa, ya ajiye buta ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kurmi za ka? To buɗe kunnenka, ɗan samari. In ka wuce Yawunde ka shiga ƙasar nyamnyam. Kada ka ci naman da ba ka ga mahaucinsa ba. Kada ka kwana gidansu. In mace ta ba ka abinci a ganye, ka karɓa da fara'a, ka zubar."

Na ce, "Kai ka taɓa zuwa?"

Ya ce, "Allah Ya kiyaye. Ai shi ya sa ka same ni da rai."

Dariya na yi, amma maganar ta shige ni ta zauna.

Daga Garwa mota ta kai ni garin Gaundare, na hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde. A nan wani mai kwat da kyakkyawar Hausa ya yi mini takardar wucewa, har da hatimi ja. A shingen farko da na miƙa ta, jandarma ya kira abokin aikinsa su yi dariya tare. Ashe takardar shaidar rigakafin shanu ce aka sake wa kai. Kwana biyu ina share musu harabar ofis kafin su kore ni. Ban taɓa jin kewar gida irin ta ranar ba. Ina shara ina tuna tuwon gero da miyar kuka na mahaifiyata, hawaye suna ɗiga kan tsintsiya.

A bakin iyaka na haɗu da wasu mutum biyar masu irin niyyata. Wani ɗan jagora ya haye da mu kogi a kwalekwale, ya shiga da mu daji, ya ce mu jira shi a gindin wata bishiya zai dubo hanya. Ina jin har yau yana dubawa. Muka yi ta tafiya kwana biyu a cikin ruwan sama, wani kututture ya tsage mini ƙwauri, ƙafar ta kumbura. Sauran suka yi gaba, ban ga laifinsu ba.

Da hantsi na faɗa wani ƙaramin ƙauye mai gidajen katako. Wata tsohuwa ta fito, ta ga ƙafata, ta kama baki. Ta wanke mini ciwon da ruwan ɗumi, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Sannan ta shiga ta fito da wani abu dogo a naɗe cikin ganye, da ɗan nama a kwano. Cikina yana kuka kamar ana yi masa kaciya. Na karɓa da fara'a kamar yadda mai shayi ya koya mini, na yi godiya da hannu biyu, da na sha kwana na wurga shi cikin ciyawa. Daga baya na san tuwon rogo ne da kaza. Har yanzu in na tuna, fatana ɗaya: Allah Ya sa ba ta bi hanyar nan ta gani ba.

Wata motar katako ce ta tsince ni. Direban bai tambaye ni komai ba, ya nuna mini bayan mota. Ya sauke ni a tashar wani gari na 'yan katako a arewacin Gabon, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Na zauna a gefen kwalbati, zazzaɓi yana kaɗa ni. Sai hancina ya jiyo ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji a kan wuta. Na ɗaga kai na ga mutane sun yi layi gaban wani mai tsire, direbobi da ma'aikata da mata masu jakar hannu, yana yanka yana zuba albasa yana zuba musu Faransanci. Ya juyo zai ɗauki takarda, muka haɗa ido.

Ya ce, "Ilu? Ilun gidan Malam Sale?"

Haladu ne. Ya yi jiki, ya yi haske, ya ajiye gemu. Wallahi abin da ya fara zuwa bakina shi ne kalmomin nan na firamare. Ban furta ba, amma leɓena ya motsa, kuma na san ya gani.

Ya bar layin mutanensa, ya cicciɓe ni ya sa a tasi, ya kai ni ɗakinsa. Haya yake a gidan wata mata 'yar ƙasar, ana ce mata Mama Anjel, gwauruwa mai faɗin kafaɗa da murya kamar ta kwandasta. Ita ta kira mai allura. Haladu ya dama mini kunu, ya kawo a kofi, ya miƙo. Na tsaya ina kallon kofin. Shekara ashirin da wani abu ana gaya mini kada in ci abin hannun gidansu.  Ya kurɓi kunun a gabana, ya sake miƙowa. Na karɓa na shanye.

Da na fara taka ƙafar, wata safiya muna jera nama a tsinke, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ilu, abu ɗaya zan roƙe ka. A nan ba wanda ya san gidanmu. Ni Haladu mai tsire ne kawai. Ka bar ni a haka."

Na ce, "Haba Haladu! Bayan abin da ka yi mini? In na faɗa Allah Ya tsine mini."

Ya ce, "Ba sai ka yi rantsuwa ba. Ka dai riƙe."

Wata bakwai muka yi tare. A gida ni ba ɗan mahauta ba ne, da mahaifina ya gan ni da wuƙar tsire da ya yi salati, amma a baƙon wuri ba a tambayar sana'ar kaka. Haladu ya koya mini fere nama siriri, da yadda ake haɗa yaji kada ƙuli ya ƙone, da Faransancin ciniki. Na yi kumatu. Hausawan garin, waɗanda ba su kai gida talatin ba, suna ji da shi ƙwarai. Shi ke kiran salla in ladan ba ya nan. In an yi suna, shi ake ba gashin rago. Na ga mutane suna lashe yatsu da abin hannun ɗan Inna Kande, sai in ji wani abu yana motsi a raina. Na daɗe ina ce wa kaina mamaki ne. Ba mamaki ba ne, hassada ce. Yaron da ko bencinsa ba ma zama, ga shi ni ne nake wanke masa faranti.

Akwai kuma abin da na lura da shi. Duk Hausawan da ke garin, Haladu kaɗai ke cin abincin Mama Anjel. Ta san ba ya cin alade da naman daji, ta ware masa tukunya. Ni kuwa kullum da uzurina: yau cikina, gobe azumi nake. Ta daina tayi, ba ta daina gaishe ni ba.

Babban Hausawan garin wani dattijo ne, Alhaji Bawa, mai shagon atamfa, ya fi shekara talatin a can. Yana da 'ya, Zinatu, wadda suka daidaita da Haladu, magana har ta kai ga manya. Kun san al'adarmu: kafin a ba mutum mata sai an yi binciken asalinsa. A gida sai a tura mutum garinsu ya tambayo. A can kuwa, duk ƙasar, mutum ɗaya ne ya fito gari ɗaya da Haladu.

Ranar wata Laraba bayan la'asar Alhaji ya aiko kirana. Na same shi a cikin shago shi kaɗai, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya ba ni kujera. Tun da na bar gida ba wanda ya ba ni kujera.

Ya ce, "Iliyasu, kai ɗanmu ne. Maganar aure amana ce, wanda aka tambaya ya ɓoye, Allah zai tambaye shi. Yaron nan mun ga halinsa, ba mu da abin cewa. Gidansu nake tambaya. Akwai sata? Akwai hauka? Akwai wani abin da ake gudu?"

Na ce, "Babu sata, Alhaji. Babu hauka. Mutanen kirki ne."

Da na tsaya nan, da yanzu 'ya'yan Haladu sun isa shiga makaranta. Amma na yi shiru irin wanda ya fi magana, na sunkuyar da kai ina juya kwalbar lemo. Alhaji tsohon ɗan kasuwa ne, ya san shirun da ke da kaya a ciki.

Ya ce, "Sai dai me?"

Na ce, "A'a, ba komai. Surutun mutanen ƙauye ne kawai. Ni ban taɓa gani ba."

"Surutun me?"

Na faɗa. Kalma ɗaya ce, ban ko ɗaga murya ba.

Ya ajiye carbinsa. "Ta wajen uba ko ta wajen uwa?"

Na ce, "Uwa."

Ya ce, "Inna lillahi. Allah Ya yi maka albarka, ka fita haƙƙinmu."

Na fito ina gaya wa kaina gaskiya na faɗa, addini ne ya tilasta ni, kuma ai na ce ban taɓa gani ba. Na koma wajen tsire na karɓi wuƙa daga hannun Haladu don ya je salla. Har ya ce mini in ɗebi na kusa da wuta, ya fi laushi.

Alhaji bai ce masa komai ba, sai dai maganar aure ta fara jan ƙafa. Amma abin da dattijo ya gaya wa matarsa ya gama gari. Kwana goma ba a yi ba, na ga Hausawa sun fara ragewa a layi. Haladu yana ta tunanin ko yajin ne ya canja.

Sai Zinatu ta kwanta. Zazzaɓi mai zafi, irin wanda sauron kurmi ke bai wa kowa, irin wanda ni ma na yi. A cikin zafin ciwo tana sambatu, ta kira sunan Haladu. To wa za ta kira, in ba wanda take so ba? Amma a wajenmu an ce wanda maye ya kama, sunan mayen yake kira.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, samari huɗu suka zo wajen tsire suka ce Alhaji yana kira. Haladu ya tafi da rigar aikinsa mai maiƙo, ni ina biye. Muka tarar da tsakar gidan cike, maza da mata. An shimfiɗa Zinatu a tabarma, an lulluɓe ta, idonta a rufe. Uwarta tana ganinsa ta ɗora hannu a ka.

"Ka sakar mini 'ya! Me muka yi maka? Maye! Maye!"

Wata daga baya ta ce, "Kurwata kur!"

Na ga kalmar ta same shi. Bai yi ihu ba, bai yi musu ba. Ya juyo a hankali yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina, ya tsaya. Ni kuwa na sami wani abin kallo a yatsun ƙafata.

Alhaji ya ce, "Haladu, ba ma son tashin hankali. Ka san abin da ake yi. Ka tsallaka ta sau uku, ka kurkure baki a ba ta ta sha. In ka yi, ba mai taɓa ka."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san tarkon da ke cikin wannan. In ka ƙi, an ce ka ƙi sakinta. In ka tsallaka, ka amsa da ƙafarka cewa kai ne.

Haladu ya ce, "Alhaji, ni ban riƙe kurwar kowa ba, Allah Shi ne shaidata. Amma in tsallakawata ce za ta sa ku bari a kai ta asibiti, zan tsallaka. Ku yi mini alkawarin daga nan asibiti za a wuce da ita."

Alhaji ya ce ya yi alkawari. Haladu ya tuɓe takalmi. Ya tsallaka yarinyar da yake so, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, mutane suna ƙirgawa da baki. Aka ba shi ruwa a moɗa ya kurkure ya mayar. Ya sa takalminsa ya fita, aka dare masa hanya kamar mai cutar da ake ɗauka.

A ƙofar gida na yi karo da Mama Anjel. Hayaniya ce ta jawo ta, ta ga komai amma ba ta ji komai ba, don ba ta jin Hausa. Ita ta tsayar da tasi aka sa Zinatu. Da motar ta tashi ta damƙi hannuna ta ja ni gefe.

Ta ce, "Ɗana, mene ne wannan da suke ta faɗa, maye, maye?"

Ban taɓa fassara kalmar ba a rayuwata, don a gida ba mai buƙatar a fassara masa. Na lalubo ɗan Faransancina na ce, "Mai cin mutane."

Ta ce, "Haladu? Wa ya ci?"

Na ce, "Ba naman yake ci ba. Abin da ke cikin mutum, ransa. Sai mutum ya rame ya mutu."

"Ka taɓa ganin ya yi?"

"A'a."

"Uwarsa fa?"

"A'a."

"To wa ya gani?"

 Da na faɗi abin cikin yaren wasu, sai na ji shi tsirara, ba komai a jikinsa. Ta kama kumatuna da yatsu biyu ta ja, kamar mai taya akuya.

"Wata bakwai kana cin abin hannunsa. Ranar da ya kawo ka gidana kamar tsinken tsire kake. Wannan ramar ce?"

Ta sake ni. Ta ce, "Ka ɗauka ban san abin da kuke kiranmu ba? Nyamnyam. Wannan kam na iya ta, tun ina budurwa nake jinta a bakin 'yan'uwanku. Shi ya sa ba ka cin abincina, na sani. Ban damu ba, na ce baƙo ne, tsoron nesa ne. Ashe har a cikinku kuna da wanda kuke kira haka. Duk garin nan mutum ɗaya ne a cikinku ya ci daga tukunyata bai tambaye ni mene ne a ciki ba. Yau na gane dalili." Sai ta dube ni da kyau. "Shekara shida yana nan ba wanda ya kira shi da sunan nan. Wa ya kawo shi?"

Ba ta jira amsa ba. Tun muna makarantar allo aka karanta mana abin da Allah Ya kwatanta mai yi da ɗan'uwansa a bayan ido da shi: mai cin naman ɗan'uwansa matacce. Ban taɓa jin karatun a jikina ba sai ranar, a gaban matar da nake ƙin tayinta.

Zinatu ta sha ƙarin ruwa da allurai, kwana huɗu ta tashi. Na yi murna, na ce yanzu kowa zai ga zazzaɓi ne. Sai na ji mata suna cewa, "Kun gani ko? Yana tsallakawa ya sake ta." Da ta mutu, ya cinye ta. Da ta warke, ya sake ta. Ba ƙofar da aka bar masa.

'Yan ƙasa ba su daina sayen tsirensa ba, su ba ruwansu. Amma mahaucin da ke yanka mana, Bahaushe ne, ya ce naman ya ƙare, gobe ma ya ƙare. A masallaci in Haladu ya tsaya a sahu, sai a bar gurbin mutum ɗaya dama da hagu. Na je wurin Alhaji na ce ƙarya ce, surutu ne, a gida ma ba wanda ya taɓa gani. Ya ce, "Yaro, ranar nan ka faɗi gaskiya, yau tsoronsa kake ji. Ko kai ma ya kama ka ne?"

Duk kwanakin nan ɗaki ɗaya muke kwana da Haladu, kwano ɗaya muke ci, bai tayar da maganar ba. Da ya zage ni ko ya mare ni, da na ji sauƙi. Wata safiya na ga yana ɗaure kaya. Ya ce akwai motar katako mai zuwa wajen iyakar Kwango, zai gwada can. Ya nuna mini wayar gasa nama da wuƙaƙe da faranti ya ce in riƙe. Na durƙusa na kama ƙafarsa ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina cewa ya yafe mini.

Ya ce, "Tashi, Ilu, mutane na kallo." Da na tashi ya ce, "Ka san abin da ke ba ni dariya? Na yi tafiyar wata guda, na haye kogi uku, don in tsere wa kalma ɗaya. Ashe ni da kaina zan je tasha in ɗauko ta, in kai ta ɗakina, in yi mata jinya."

Ya ciro turmin atamfa daga jaka, shuɗiya mai zanen ganye. Cikin kayan lefen da ya fara tarawa ne.

"In Allah Ya mai da kai gida, ka kai wa Inna. Da hannunka, ba aike ba. Kuma kada ka gaya mata abin da ya faru. In muna waya ce mata nake komai lafiya. Wannan karon ka riƙe."

Tsiren bai yi mini albarka ba. Hannuna ba nasa ba ne, kuma Mama Anjel, ko da ba ta kore ni ba, ta daina ce mini ɗana. Kafin in bar gidan na roƙe ta abinci da bakina. Ta zuba mini tuwon rogo da miyar ganye, na cinye tas, ta ɗauke kwanon. Bayan wata biyar aka yi kamen marasa takarda, aka haɗa da ni. Na dawo Daura da jakar ledar da na tafi da ita, sai atamfar da na naɗe a cikin rigata duk tsawon hanya.

Kwana uku ina kewaya gidan Inna Kande kafin in iya yin sallama. Da rana tsaka na je, don kowa ya gani. Na same ta a tsakar gida tana dama fura, ta tsufa, ta ranƙwafa. Ta shimfiɗa mini tabarma nesa da ita kaɗan, yadda ta saba yi wa mutane don kada su takura. Na miƙa mata atamfar. Ta shafa ta, ta kai hanci ta shaƙa, ta rungume.

Ta ce, "Sannu da hanya, ɗan nan. Da na ba ka ruwa, to na san ba a sha."

Na ce, "Inna, ba ruwa nake so ba. Furar nan za ki ba ni."

Ta dube ni ta ga ko wasa nake. Ta zuba a ƙwarya, ta ɗauraye ludayi sau biyu, ta miƙo. Matan maƙwabta sun leƙo ta kan katanga, ina jin wata tana salati. Na kai ludayi baki. Fura ce mai kyau, da citta da kanumfari, irin wadda muka yi shekara da shekaru muna wucewa a ƙofar gida.

Ta matso kusa, ta rage murya. "Iliyasu, tsakaninka da Allah. Yana ce mini a waya wai a can mutane suna cin abin hannunsa. Na ce ko don ya kwantar mini da hankali ne. Kai ka gani da idonka?"

Na ce, "Na gani, Inna. Layi suke yi."

Ta ɗaga hannu sama, hawaye yana bin tamojin fuskarta. "Alhamdu lillahi. To ko yau na mutu, na huta. Ai ya gaya mini tun zuwanka. Ya ce, Inna, Allah Ya kawo mini ɗan'uwa daga gida. Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan. Yadda ka rufa masa asiri, Allah Ya rufa naka."

Bara Inna Kande ta rasu ba ta sani ba, shi ya sa yau na iya rubuta wannan. Amma ranar, amin ɗin ta ƙi fita daga bakina. Na ajiye ludayin, na ɗaga ƙwaryar da hannu biyu na kafa kai, na yi ta sha, don kada ta ga fuskata.